Ina neman shawara: in ci gaba da koya wa 'yan mata jawabin Daniel Webster ko in ajiye shi?

Malama ta Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandaren 'yan mata a nan cikin birnin Katsina, ni ce kuma ke riƙe da ƙungiyar muhawara, muna zama duk Laraba bayan la'asar. Maganar tawa da ɗan tsawo, a yi mani haƙuri.

Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, malamin makaranta ne tun zamanin En'e. Da aka buɗe adakarsa bayan rasuwarsa, cikin abin da ya faɗo rabona har da wani tsohon littafi mai jan bango, gara ta ci gefensa, an tara jawaban manyan masu iya magana na Turawa a ciki. Akwai shafi ɗaya da ya yi duhu don yawan taɓawa. Ƙarshen jawabin da Daniel Webster ya yi ne a Majalisar Dattawan Amurka, ranakun 26 da 27 ga Janairu 1830. Baba ya haddace shi. Muna yara, in an ci tuwon dare an baza tabarma a tsakar gida, sai ya miƙe ya saɓa hannun riga ya karanto shi da ka. Ko kalma ɗaya ba mu ji, amma tsigar jikinmu tashi take. In ya kai ƙarshe sai ya juya mana jimlar da Hausa: “'Yanci da haɗin kai, yanzu da har abada, abu ɗaya ne, ba su rabuwa.” Ƙanen Baba ya tafi yaƙin basasar Najeriya bai dawo ba. Inna ta ce a shekarun nan Baba ya fara wannan karatun na dare.

Ga wanda bai san labarin ba: wani sanata daga Karolina ta Kudu, Robert Hayne, shi ya tsaya a kan cewa jiha tana da ikon ta ce dokar tarayya ba ta hau kanta ba. Harajin kayan shigowa na 1828 ne ya ƙona wa mutanen Kudu rai. Webster, sanatan Masacuset, ya tashi ya ce tsarin mulki ba yarjejeniyar jihohi ba ce da kowace za ta kwance hannunta in ta ga dama. Ya ce gwamnatin ta jama'a ce, don su aka yi ta, su suka yi ta, a gabansu kuma za ta amsa tambaya.

Wannan zangon na ce bari in ba 'yan mata ƙarshen jawabin su haddace. Na fara da ba su labarin da na san zai ƙarfafa masu kunya: wannan mutumin da ake cika majalisa maƙil don a ji shi, yana yaro a makarantar Exeter in aka kira sunansa ya fito ya yi magana gaban 'yan'uwansa, kasa tashi yake daga benci. Shi da kansa ya rubuta haka. Ɗan manomi ne daga Niyu Hamsha, an haife shi a 1782. Yaran suka ji daɗi, har wadda ba ta taɓa buɗe baki ba ta ɗaga hannu.

Ita ce ta yi mani tambayar. Ta ce, “Malama, lokacin da yake cewa 'yanci da haɗin kai, akwai bayi a ƙasar?” Na ce akwai, wajen miliyan 2. Ta ce, “To 'yancin wa yake nufi?” Na ce mata ai shi ba ya son bauta, tun a 1820 a garin Plymouth ya la'anci fataucin bayi, ya nemi mutanen yankinsa su tsame hannunsu daga ciki. Ta yi shiru. Ni ma na san ban gamsar da ita ba.

Da na koma gida na sallami yara, sai na zauna na bi sauran tarihinsa a waya, har na iso ranar 7 ga Maris 1850. Wannan jawabin ba ya cikin littafin Baba. Ƙasar na neman tsagewa a kan yankunan da aka ƙwato daga Meziko, ko za a shiga da bayi cikinsu ko a'a. Sanata Henry Clay ya kawo shawarar sulhu: Kalifoniya ta shigo ba bauta, a hana cinikin bayi a babban birnin ƙasa, a bar Yuta da Niyu Meziko ba a ɗaure su ba, sannan a ba Kudu doka mai tsanani ta kamo bawan da ya gudu. Webster ya tashi ya yi fiye da awa 3 yana magana. Ya buɗe da cewa yau ba a matsayin mutumin Masacuset zai yi magana ba, ba kuma a matsayin ɗan Arewa ba, sai a matsayin Ba'amurke. Daga nan ya ce Kudu na da gaskiya a kukanta, wajibi ne Arewa ta riƙa mayar da bayin da suka gudo.

Dokar ta fito ranar 18 ga Satumba 1850. Wanda aka kama ba shi da bakin magana a shari'arsa. Jami'in da ke sauraron ƙarar, in ya miƙa mutum ga mai da'awar mallakarsa dala 10 ce ladansa, in ya sake shi dala 5. Wanda ya ɓoye bawa ko ya taimaka masa, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6. A watan Afrilu 1851 aka kama wani saurayi magini, Thomas Sims, a Boston, garin Webster kansa. Ya ɓuya a jirgin ruwa ne ya gudo daga Jojiya. Aka zagaye kotu da sarƙa, alƙalai sai sun sunkuya su shiga. Da asuba, gari bai waye ba, mutum wajen 300 da makamai suka raka shi bakin teku. Da aka isa Savannah aka yi masa bulala 39 a bainar jama'a.

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Muryar Baba nake ji, ina kuma ganin yaron nan a tsakiyar 'yan sanda da asuba. Tambayata ga masana tarihi da manyanmu: mutumin nan mai kashe wuta ne ko mai cin amana? Kuma ranar Laraba me zan ce wa yarinyar nan?

Tsohon Soja, Daura

Wa'alaikumus salam. Jikana ke buga mani wannan, idona ya yi rauni. 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai rahama kabarinsa. Da na ji labarin tabarmar nan sai da na ce a dakata da karatu, don na san irin mutanen.

Na shiga soja a 1967 ina ɗan shekara 19, ban fita ba sai bayan Janairun 1970. Bayan nan na koma karatu Zariya, tarihi na karanta, na koyar da shi har na yi ritaya. To zan yi maki magana da baki biyu, na wanda ya karanta da na wanda ya gani.

Ku 'yan baya kalmar rabuwar ƙasa ba ta yi maku nauyi a harshe. Mu mun ga abin da ke bayanta. Na taɓa shiga wani ƙauye bayan an janye, ba kowa sai wata yarinya zaune a bakin ƙofa, cikinta ya kumbura, gashinta ya yi ja, na miƙa mata biskit ta kasa ɗaga hannu ta karɓa. Shekara 50 da ɗoriya ke nan, har gobe ina ganin ta. A cikin jawabin nan na 7 ga Maris da ya hana ki barci, akwai wurin da Webster ya ce wa 'yan Kudu masu zancen a rabu lami lafiya: ba za ku taɓa ganin wannan abin mamakin ba, rabuwa yaƙi za ta haifa. Shekara 11 bayan nan maganarsa ta tabbata. Daga 1861 zuwa 1865 mutum fiye da 600,000 suka mutu. Cikinsu har da ɗansa Fletcher, a watan Agusta 1862. Wani ɗan nasa, Edward, ya riga ya mutu a yaƙin Meziko a 1848, yaƙin da uban bai goyi baya ba. Mutumin da ya binne ɗa saboda yaƙi, in ya ce a guje shi, ni ba zan yi saurin kiransa matsoraci ba.

Sannan ki duba lissafi. A 1850 layin dogon Amurka wajen mil 9,000 ne kawai. A 1860 ya kai wajen mil 30,000, mafi yawansa a Arewa. Masana'antu suka ƙaru, baƙi daga Turai suka yi ta kwarara Arewa. A 1850 Abraham Lincoln lauya ne kawai a Illinois, ya yi zango ɗaya a Majalisar Wakilai ya koma gida. Da an gwabza a lokacin, wa ya san wanda zai yi nasara? In Kudu ta ɓalle ta tsaya da ƙafarta, bayin nan miliyan 3 da ɗoriya sai yaushe? Shekara 10 da sulhun ya sayo su suka ba Arewa ƙarfin da ta ci yaƙi, cin yaƙin kuma shi ya kawo ƙarshen bauta a 1865. Yaran Arewa da suka haddace jawabin 1830 a makaranta, kamar yadda kike so naki su yi, su ne suka girma suka ɗauki bindiga don kada ƙasa ta rabu.

Ki ƙara da wannan: ya san abin zai ci shi. Ya san mutanen jiharsa za su juya masa baya, suka kuwa juya, kujerar da ya bari a majalisa ta koma hannun Charles Sumner, babban mai adawa da bauta. Game da Niyu Meziko cewa ya yi ƙasa ce ta duwatsu da fari, auduga ba za ta yi ba, ba sai an kafa doka a kan abin da Allah ya riga ya hukunta ba. Wato a ganinsa ya ba Kudu suna ne, ya riƙe ƙasa.

Mu Musulmi ma ai muna da Hudaibiyya. A cikin sharuɗɗanta akwai mayar da wanda ya gudo daga Makka. Sahabbai suka ji zafi, daga baya ta zama buɗi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, 'yata. Ki koya masu jawabin, kada ki ajiye.

Ɗan Lauya, Layout

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban isa in yi musu da abin da idonka ya gani ba. Amma a ba ni dama in kawo abin da ke cikin takardu, don akwai inda labarin bai tsaya yadda aka faɗa ba.

Mu a fannin shari'a da girma muka san Webster. Shi ya tsaya a matsayin lauya gaban Kotun Ƙoli a shari'ar Kwalejin Dartmouth da aka yanke a 1819, da ta McCulloch a shekarar, da ta Gibbons a 1824. Waɗannan su suka kafa ƙarfin gwamnatin tarayya a kan jihohi. Ba na rage masa komai a nan.

Ta wajen doka kuma yana da madafa. Sashe na 4 na tsarin mulkinsu ya ce a mayar da wanda ya gudu daga aikin da ke wuyansa, akwai kuma dokar 1793. A 1842 Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne jami'an jiha su yi wannan aikin, shi ya sa jihohin Arewa suka janye hannu, Kudu ta nemi sabuwar doka. Gaskiya ne kuma bai jefa ƙuri'a a kan dokar Satumba ba, don tun Yuli ya bar majalisa ya zama sakataren harkokin waje na Shugaba Fillmore.

To amma a wannan kujerar me ya yi? Da a ce ya haɗiye dokar ne kamar maɗaci ya kau da kai, da na bi Baba. Ba haka aka yi ba. A Fabrairun 1851 jama'a suka kutsa kotu a Boston suka fitar da wani bawa da aka kama, Shadrach Minkins, ya tsere Kanada. Webster ya kira abin cin amanar ƙasa, ya tsaya kai da fata sai an gurfanar da waɗanda suka taimaka. Ba a samu ko ɗaya da laifi ba. A watan Mayu ya je Syracuse ya ce za a zartar da dokar a garin ko da ana tsakiyar taron masu adawa da bauta. A Oktoba aka gwada, mutanen gari suka fasa ofishin 'yan sanda suka ƙwace bawan da aka kama. Tun kafin nan ma, a 1841, bayi suka ƙwace jirgin ruwan Creole suka kai shi Nassau da ke ƙarƙashin mulkin Ingila, Ingila ta 'yanta mutum 128. Webster ne ya rubuta yana ƙorafi a madadin masu bayin.

Sai maganar buri da aljihu. Mutum ne mai kashe kuɗi fiye da samunsa, attajiran Boston da Niyu Yok ke tara masa gudummawa. A 1833, ana tsakiyar rigimar Bankin Amurka a majalisa, ya rubuta wa shugaban bankin, Nicholas Biddle, yana tuna masa ba a sabunta masa kuɗin lauyancinsa ba kamar yadda aka saba. Masaƙun Masacuset kuwa da audugar Kudu suke aiki, wadda bayi ke tsinka. Yana saurayi ya yi adawa da yaƙin 1812 da harajin kayan shigowa, da masu kuɗin yankinsa suka koma masana'anta sai ya koma goyon harajin a 1828. Shugabancin ƙasa kuma ya daɗe yana nema: a 1836 jiharsa kaɗai ya ci. A taron jam'iyyar Whig na Baltimore, Yunin 1852, ƙuri'a 29 ya samu a zagayen farko. Wakilan Kudu da ya ɓata da gida saboda su, Fillmore suka bi. Sai a zagaye na 53 Janar Winfield Scott ya ɗauka. Wata 4 bayan nan, ranar 24 ga Oktoba, Webster ya rasu a gonarsa ta Marshfield.

Kuma Baba, wata hanyar tana nan a lokacin. Shugaba Zachary Taylor, shi kansa mai bayi ne daga Kudu, yana so a shigar da Kalifoniya ba tare da an biya Kudu komai ba, ya kuma nuna zai sa ƙarfi a kan duk mai neman ɓallewa. Mutuwarsa a Yulin 1850 ce ta buɗe wa sulhun ƙofa. Kwana 4 bayan jawabin Webster, Sanata William Seward ya tashi a majalisar ya ce akwai doka da ta fi tsarin mulki. Shekara 10 ɗin nan da ake yabo, Webster bai shirya su don Arewa ta tara ƙarfi ba, shi cewa ya yi an kashe maganar ke nan. A 1854 dokar Kansas da Nebraska, wadda ta buɗe wa bauta ƙofar waɗannan yankunan, ta tone ta.

Malama, ni a ganina ki koya masu, amma a matsayin misalin yadda baki mai daɗi ke iya kare abin da ba shi karuwa.

Malamin Islamiyya, Unguwar Alƙali

Assalamu alaikum. Ban san tarihin Amurka kamar ku ba, a wajenku nake koyo. Maganar Hudaibiyya da Baba ya kawo ce ta sa na sa baki, don kada yara su ɗauki ƙiyasin haka nan.

Gaskiya ne, a shekara ta 6 bayan Hijira an yi sharaɗin mayar da wanda ya gudo daga Makka. Ana cikin rubutu Abu Jandal, ɗan Suhailu bin Amr, ya iso yana jan mari a ƙafa, aka mayar da shi yana kiran Musulmi. Sayyidina Umar ya kasa daurewa har ya yi tambaya. Amma Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, a duba bambanci. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da wahayi yake tafiya, ya kuma gaya wa Abu Jandal a fuskarsa ya yi haƙuri, Allah zai sanya masa mafita. Wanda aka mayar ɗan cikin al'umma ne, an san sunansa, an yi kuka dominsa. Da Abu Basir ya kuɓuta ya tare a bakin teku, ba a aika a kamo shi ba, har Ƙuraishawa da kansu suka roƙi a soke sharaɗin. Mata kuwa aya ta 10 a Suratul Mumtahana ta hana a mayar da su. A labarin da Malama da ɗan'uwa lauya suka kawo, wanda ya yi sulhun shi ne kuma ya bi sawun masu gudu. Ni ban ga sun haɗu ba.

Abu na biyu, laifi tudu ne. A shekarun da ake kama Thomas Sims, kasuwannin ƙasar nan tamu ana sayar da mutane. Sunan rinji bai ɓace daga bakinmu ba, kalmar bacucane ma haka, kuma har yau akwai gidan da in an zo neman aure sai an tono ta. Da Turawa suka zo, sanarwar Lugga ta 1901 cewa ta yi yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar 'ya'ya ne, ba bayi ba, amma ba ta saki iyayensu ba. Jami'ansa ba su son bayi su watse daga gonaki, don kada noma ya tsaya sarauta ta girgiza, sai aka riƙa tura su kotun alƙali su fanshi kansu, wasu ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Hujjar ita ce dai ta Webster: a zauna lafiya tukuna, su su jira. Malama, in za ki koya masu na Amurka, ki haɗa masu da namu.

Malama ta Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta naka sau uku, yarinyar nan ta bakin ƙofa ta sa ni hawaye. Allah gafarta Malam, maganar rinji ta taɓa ni, don kakata ta wajen uwa in ta ambaci wata tsohuwa da ta yi mata raino, sai ta sassauta murya, ban gane dalili ba sai da na girma.

Akwai abin da ban faɗa ba da farko. Yarinyar da ta yi tambayar ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye na yamma da mu suka taso, wajen daji, suna zaune yanzu a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwan babanta. Jiya na kira ta ofis na tambaye ta me ya sa ta yi wannan tambayar. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sannan ta ce lokacin da aka yi sulhu da mutanen daji a wajensu, an zauna a ƙarƙashin itace, manya sun zo da motoci, an ɗauki hoto, an ce an samu lafiya. Yayarta tana hannunsu a lokacin. Ba wanda ya kira sunanta a wurin zaman, ba wanda ya zo ya tambayi babansu ko ya yarda. Hanya ta buɗe, kasuwa ta ci, kowa ya ce alhamdu lillahi. Yayar ba ta dawo ba sai bayan wata 7, da suka sayar da gona.

Baba, ban ce a ƙi sulhu ba. Hanyar da ta buɗe ta ceci rayuka, na sani, wataƙila har da na 'yan'uwana masu zuwa kasuwar Jibiya. Lissafinka na layin dogo ma ban iya rushe shi ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a kira Webster wanda ya sadaukar. Farin jini ya rasa. Bulala 39 ɗin ba a bayansa ta sauka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A majalisar nan an ji Clay, an ji Calhoun, sanatan Karolina ta Kudu, da ciwo ya hana shi karanta nasa jawabin sai wani ya karanta masa ranar 4 ga Maris, an ji Webster, an ji Seward. Mutum miliyan 3 da ake ciniki a kansu ba a ji ko ɗaya ba. Ya ce zai yi magana a matsayin Ba'amurke, kuma na yarda har zuciyarsa yake faɗa. Sims dai bai shiga cikin Amurkawan da yake nufi ba.

Tsohon Soja, Daura

'Yata, na ji. Malam, na karɓi gyara a kan Hudaibiyya, Allah ya yafe mani. Ina nan a kan cewa da an yi yaƙin a 1850 da abin ya fi muni, wannan ba zan janye ba. Amma ki gaya wa yarinyar nan wani tsoho a Daura ya ce tambayarta daidai ce, kuma ya yi shekara 28 yana koyar da tarihi bai taɓa yin ta a aji ba. Ki gaishe da babanta. Yayar tata tana lafiya yanzu?

Malama ta Ƙofar Ƙaura

Tana nan Baba, jiki da sauƙi, sai dai ba ta son fita, ko ƙofar gida. Na yi magana da wata ƙawata ma'aikaciyar jinya za ta je ta gan ta ranar Asabar. Zan isar da gaisuwarka.

Ga abin da na shirya wa Laraba. Na kai littafin Baba an ɗauki hoton shafin nan mai duhu, kofi 24. A bayan kowace takarda na sa an buga farkon jawabin 7 ga Maris, da sharuɗɗan dokar, dala 10 da dala 5, da labarin Sims har zuwa 1863 da ya sake gudu ya kuɓuta ana tsakiyar yaƙi. Za su haddace na 1830, zan kuma karanta masu shi da kaina a tsaye yadda mahaifina ke yi. Bayan nan za a raba aji uku: masu kare Webster da hujjojin Baba na Daura, masu tuhumarsa da na ɗan'uwa lauya, sai kujera ɗaya a tsakiya ta Thomas Sims, wanda dokar ta hana shi magana. Na tambayi yarinyar ko za ta zauna a kai, na ce ba dole. Ta ce za ta zauna, amma da Hausa za ta yi nata jawabin, na ce na yarda.

Allah gafarta Malam, in da hali ka turo mani abin da kake da shi a kan murgu da fansar kai a kotunan alƙalai kafin daren Talata, in samu in kai a buga da safe.